Fim ɗin Crash bayan shekara 20: gaskiya ya faɗa mana, ko lallashinmu ya yi?

Baban Sadiya, Anguwan Rogo

Assalamu alaikum, jama'a. Wata tambaya ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar fim, akwai kuma waɗanda suka fi ni daɗewa a garin nan na Jos.

A shekarar 2006, ina ɗalibi, na sayi faifan wani fim na Amurka mai suna Crash a hannun masu baza faifai a bakin kasuwar Terminus, lokacin bai daɗe da cin lambar Oscar ta fim mafi kyau na shekara ba. Mu biyar muka kalle shi a ɗaki ɗaya a kan wata tsohuwar kwamfuta, cikinmu da Musulmi da Kirista, kuma da ya ƙare sai ɗakin ya yi tsit. Rikicin Jos na 7 ga Satumban 2001 bai wuce shekara biyar ba a lokacin, kowannenmu yana ɗauke da abin da idonsa ya gani bai taɓa faɗa wa ɗan'uwansa ba, sai muka ji kamar fim ɗin ya faɗa a madadinmu.

Ga wanda bai gani ba, Paul Haggis, ɗan ƙasar Kanada, shi ya ba da umarni, kuma shi da Bobby Moresco suka rubuta labarin. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a 2004, ya shiga sinima a Amurka a watan Mayun 2005. Labarin yana gudana ne a birnin Los Angeles cikin kamar kwana ɗaya da rabi, kuma ba a ɗora shi a kan jarumi ɗaya ba. Akwai babban mai gabatar da ƙara da matarsa Jean, waɗanda wasu samari biyu baƙaƙen fata suka ƙwace wa mota da bindiga. Akwai 'yan sanda biyu farare, Ryan mai baƙar zuciya da Hansen mai tausayi. Akwai Cameron, baƙar fata mai shirya fim a talabijin, da matarsa Christine. Sai Farhad, mai kanti ɗan asalin Iran, da Daniel mai gyaran makulli, da Graham jami'in bincike wanda ƙanensa ya shiga hanyar banza. Duk waɗannan rayuwarsu tana sarƙewa da juna, wannan ya cuci wancan, wancan ya huce a kan wani.

Makon jiya na sake kallonsa tare da ɗan yayana mai shekara 19, muna lulluɓe da bargo saboda sanyin hunturu. Na yi masa alkawarin zai ga fim ɗin da ya canza mini tunani. Ya kalla har ƙarshe bai taɓa wayarsa ba, sannan ya juyo ya ce mini: "Kawu, to wa aka hukunta?" Na buɗe baki na rasa amsa, domin babu kowa. Ɗan sandan da ya ci zarafin matar aure a bakin titi ya koma gida yana jinyar mahaifinsa, wanda ya kashe yaro ya ƙona motarsa ya tafi, sannan dusar ƙanƙara ta sauko a kan garin da ba ta saba sauka ba, aka sa kiɗa mai sanyi, fim ya ƙare.

Abu biyu ne suka dame ni a wannan karon. Na farko, kusan kowa a fim ɗin yana furta ƙiyayyarsa da baki ƙarara, da zarar an ɗan yi saɓani sai mutum ya ambaci launin fatar abokin faɗansa ko ƙasar kakanninsa. Mu da muka rayu a Jos mun san wariya ba kasafai take magana ba. Gaisuwa ce take gajarcewa, mai gida ne yake jin sunanka ya ce an riga an kama ɗakin, mai keke ne yake tsayawa a wata mahaɗa ya ce nan ce iyakarsa, abokin da kuka yi firamare tare ne yake cewa ku haɗu a cikin gari maimakon ya zo gidanku. Ba wanda ya zagi wani, amma garin ya rabu unguwa-unguwa. Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, fim ɗin ya yi wa kowa kuɗin goro. Mai bindigar hukuma a ƙugu da mai kanti da ba ya jin Turanci sosai, matar mai mulki da yaron da ke satar mota, duk an jera su a layi ɗaya an ce kowa yana da nasa. Idan kowa mai laifi ne daidai wa daida, ai babu wanda za a tambaya ke nan.

Tambayata ita ce: fim ɗin ne dama can bai kai yadda muka ɗauke shi ba, ko ni ne shekaru suka busar mini da zuciya har na kasa ganin alherin da na gani a 2006?

Tsohon Malami, Bukuru

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta bayaninka sau biyu, kuma ina ganin ka tsananta wa fim ɗin, ko da yake tambayar yaron nan tambaya ce ta mai hankali.

Ka tuna lokacin da aka yi shi. A 1992 Los Angeles ta kama da wuta bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, aka rasa rayuka fiye da 60. Shi kansa Haggis an taɓa ƙwace masa mota da bindiga a garin a 1991, kuma daga nan tunanin labarin ya samo asali. Sannan ga harin da aka kai Amurka ranar 11 ga Satumban 2001, wanda ya zo kwana huɗu kacal bayan namu rikicin ya ɓarke, muna cikin dokar hana fita muka ji labarinsa a rediyo. Shi ya sa mai sayar da bindiga yake kiran Farhad da sunan Usama, shi ya sa waɗanda suka fasa kantinsa suka rubuta zagin Larabawa a bango alhali shi Bafarishe ne. A wancan lokacin, fim ɗin Amurka ya nuna mutumin Gabas ta Tsakiya a matsayin magidanci mai neman abincin iyalinsa wanda tsoro ya rikita, ba ƙaramin abu ba ne.

Ka ce an yi wa kowa kuɗin goro, amma ka manta da wurare biyu. Lokacin da Hansen ya je wajen shugabansa yana neman a raba shi da Ryan saboda cin zarafin matar auren da ya gani, shugaban, wanda baƙar fata ne, ya ƙi yarda a rubuta ainihin dalilin, domin ya san rubuta shi zai jawo a tambaye shi yadda aka yi mai irin wannan hali ya daɗe a ƙarƙashinsa, kujerar da ya sha wuya kafin ya hau ta girgiza. Haka kuma Graham, an matsa masa ya ɓoye hujja a wani bincike domin mai gabatar da ƙara yana neman ƙuri'un baƙaƙe, aka yi masa tayin share laifuffukan ƙanensa, kuma ya karɓa. A waɗannan wurare biyu babu wanda ya zagi wani, ofis ne yake cin mutane a hankali. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san irin wannan zaman.

Amma abin da ya sa har yau nake ganin girman fim ɗin shi ne Hansen. Shi ne wanda duk mai kallo yake sa kansa a matsayinsa, shi ne ya tsaya tsakanin Cameron da bindigogin abokan aikinsa ya cece shi. Da dare ya ɗauki Peter, ƙanen Graham, domin ya rage masa hanya, hira ta ɗan yi tsami, yaron ya sa hannu a aljihu, Hansen ya harbe shi. Ba makami ba ne a aljihun. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma na san mutane masu kirki a garin nan, ta kowane ɓangare, waɗanda tsoro ya sa su aikata a cikin minti ɗaya abin da har yau ba sa iya ambatawa.

Game da Ryan kuwa, zan ba ka abin da ya faru da ni. A rikicin Janairun 2010 akwai wani maƙwabcina da muka yi shekaru ba ma ga maciji, mutum ne mai kaifin harshe a kan mutanenmu, ya sha faɗa mini a fuska cewa mu baƙi ne. Ranar da abin ya iso layinmu, shi ne ya buɗe ƙofar bayan gidansa ya shigar da ni da iyalina ɗakin da yake ajiye buhunan masara, ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofa har gari ya waye. Ban ce ya canza ra'ayinsa ba, domin bai canza ba. Saboda haka idan an ce mini mutum ɗaya ba zai iya zama azzalumi jiya kuma mai ceto yau ba, sai in ce ni na kwana a ɗakin irinsa.

Maman Rifkatu, Tudun Wada

Baba, na gode wa Allah da ya tsare ku, kuma ina roƙon ya saka wa maƙwabcin nan naka. Labarinka ya sa ni hawaye, domin mu ma a rikicin Nuwamban 2008 wata Hajiya ce ta lulluɓa mini mayafinta ta riƙe hannuna muka ratsa unguwarsu har bakin shingen sojoji. Amma ka yi haƙuri, ina ganin labarinka da labarin Ryan ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne fim ɗin ya yi abin da na kasa yafe masa.

Maƙwabcinka baki ya yi maka. Ryan kuwa hannu ya sa. Ya tsayar da motar Cameron da dare, ya sa su fito, ya jingina Christine da mota da sunan caje, ya taɓa ta inda bai halatta ba, yana kallon mijinta a ido yana jira ya yi motsi domin ya sami dalili. Mijin ya ba da haƙuri. Duk macen da aka taɓa tsayarwa a shinge da dare ta san wannan shirun, ta kuma san abin da yake yi wa aure bayan an koma gida, kuma a gaskiya fim ɗin ya nuna faɗan da suka yi a ɗaki da kyau. Washegari sai ga Christine a cikin motar da ta kife, mai yana tsiyaya, wuta tana matsowa, kuma duk faɗin garin ba wanda ya rarrafo cikin motar sai Ryan. Ta gane shi ta fasa ihu tana cewa kada ya taɓa ta. Ya lallashe ta, ya yanke bel ɗin, abokan aikinsa suka janye shi saboda wutar, ya fizge ya koma ya ciro ta.

Thandiwe Newton, wadda ta fito a matsayin Christine, ta yi wasan da ya cancanci lambar BAFTA ta fina-finan Birtaniya da aka ba ta, wannan ba na musu. Abin da nake tambaya shi ne, labarin wa ake bayarwa a wannan wurin? An yi amfani da jikin matar nan sau biyu: a karo na farko domin a nuna mana muguntar Ryan, a karo na biyu domin a wanke shi. Kafin nan an riga an nuna mana mahaifinsa yana fama da ciwon fitsari da dare, an gaya mana yadda tsohon ya rasa kamfaninsa, domin zuciyarmu ta yi laushi. Ita kuwa ba a sake tambayarta komai ba. Ryan bai ce ta gafarce shi ba, bai amsa laifinsa a gaban kowa ba, ita ma ba a ba ta damar kai ƙara ko ta ƙi yafewa ba. An ɗora mata bashin rai a kan wanda ya ci mutuncinta, aka bar ta da waiwaye ɗaya. A coci da masallaci duka an koya mana cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai an nemi mai shi, kuma aikin alheri, komai girmansa, ba ya zama madadin neman gafarar wanda aka zalunta.

Haka aka yi wa Maria, 'yar aikin Jean. Uwar ɗakin nan tana yi mata tsawa a kan kwanuka, sai ta zame a matattakala, ƙawarta ta ƙi zuwa, Maria ce ta kai ta asibiti. Sai Jean ta rungume ta ta ce ita ce babbar ƙawarta. Mu mata mun san irin wannan rungumar, kuma mun san wanda zai wanke kwanukan gobe da safe.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mini shi ne, irin wannan sulhun aka yi ta yi mana a Filato. Bayan rikicin 2001 an kafa kwamitin bincike na Mai shari'a Niki Tobi, bayan na 2008 an kafa na Bola Ajibola, mutane suka je suka ba da shaida suna kuka. Sai a tara shugabanni a ɗakin taro su gaisa a gaban kyamara, a ce kowa ya yi haƙuri domin kowa ya yi asara. Gaskiya ne kowa ya yi asara, amma gwauruwar da ta san fuskar wanda ya ƙona gidanta tana haɗuwa da shi a kasuwa, kuma batun wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wa zai sami takardar ƙaramar hukuma, yana nan inda aka bar shi. Ɗan yayan Baban Sadiya ya tashi a cikin wannan, shi ya sa ya yi tambayar da mu ba mu yi ba a 2006.

Abu ɗaya zan ƙara a kan maganar Hansen, domin wataƙila ba kowa ya lura ba. Abin da Peter yake ƙoƙarin cirowa daga aljihu ɗan mutum-mutumin Waliyyi Kiristofa ne, wanda mu 'yan Katolika muke ɗauka majiɓincin matafiya. Ya ga irinsa a gaban motar Hansen, shi ya sa yake dariya, yana so ya nuna masa cewa abu ɗaya suke riƙe da shi. A nan na yarda da Baba, wannan wurin bai tsufa ba.

Ɗan Farin Gada

Ina gaida Baba da Mama da Yaya Baban Sadiya. Ni aikin tace hoto nake yi, don haka ta ɓangaren sana'a zan sa baki.

Tsawon fim ɗin minti 112 ne, kuma manyan mutanen cikinsa sun haura goma. Idan aka raba, kowa 'yan mintoci ne yake samu, kuma a cikinsu dole a gabatar da shi, a nuna aibinsa, a juya shi. Wannan ƙuncin lokacin ne ya haifar da abin da Yaya ya lura da shi: babu sararin da za a bar wariya ta fito a hankali, sai a sa mutum ya furta ta da baki a fitowarsa ta farko. Shi ne kuma ya haifar da yawan kiciɓis. Gari mai mutum kusan miliyan 4, amma ɗan sanda ɗaya ne yake samun mace ɗaya sau biyu cikin kwana biyu, gawar da aka kira Graham ya duba ta ƙanensa ce, likitar da ta nuna wa uwarsu gawar kuma 'yar Farhad ce. Kiciɓis ɗaya ƙaddara ce, amma idan suka yi yawa sai mai kallo ya fara ganin hannun marubuci.

Abin da ya rufa wa fim ɗin asiri shi ne haɗin hotonsa, kuma Hughes Winborne ya cancanci Oscar ɗin da ya samu. Ku lura da yadda wani zai tura ƙofa a wannan gida sai a yanke zuwa wani yana fitowa ta wata ƙofar a wani wuri dabam, har ka ji kamar duk garin gida ɗaya ne. An yi fim ɗin da kimanin dala miliyan 6.5, ya kawo kusan miliyan 100, ya ci Oscar uku cikin shida da aka zaɓe shi. Amma tun a lokacin kan masana ya rabu. Mai sharhin fina-finai Roger Ebert ya sa shi a matsayin fim mafi kyau na 2005, marubuci Ta-Nehisi Coates kuma a 2009 ya kira shi mafi munin fim na shekaru goman. Haggis da kansa ya faɗa a 2015 cewa ba ya ganin nasa ne ya fi na kowa a waccan shekarar.

A wajena, inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne inda ya yi shiru. Daniel yana durƙushe yana canza makullan gidan Jean, yana jin ta tana gaya wa mijinta cewa wannan mai askin ƙwal-kwabo da zane a jiki zai sayar wa 'yan dabarsu makullan. Bai ce komai ba, ya gama aikinsa, ya ajiye makullan duka a kan teburin kicin a gabanta ya fita. Ya koma gida ya tarar da 'yarsa a ƙarƙashin gado saboda ta ji ƙara kamar ta bindiga, ya kwanta a ƙasa kusa da ita ya ɗaura mata wata alkyabba da ba a gani, ya ce harsashi ba ya huda ta. Duk uban da ya yi renon yara a garin nan tsakanin 2001 da 2010 ya ɗaura irin wannan alkyabbar. Haka saɓaninsa da Farhad a kan ƙofar kanti: yana ce masa ya canza makulli amma ƙyauren ne ya lalace, Farhad yana jin kamar cutarsa ake so a yi. Da aka fasa kantin, kamfanin inshora ya ƙi biya saboda an gaya masa ya gyara ƙofa bai gyara ba. Wannan rashin fahimtar harshe ne da talauci da tsoro, kuma ya fi duk jawaban fim ɗin gaskiya.

Sai dai ko a nan marubucin ya ja da baya. Farhad ya je ya huce a kan Daniel, ya harba bindiga 'yar Daniel tana rungume da ubanta, amma ashe harsasan da 'yar Farhad ta saya masu ƙara ne kawai, ba su da kai. An ba mu firgicin mutuwar yarinya ba tare da an biya kuɗinsa ba. Su kuma mutanen Asiya da aka samu ɗaure a bayan mota za a sayar da su, ba a ba ko ɗaya daga cikinsu suna ko labari ba, an kawo su ne domin ɓarawon mota ya sake su ya sami aikin lada. Mu masu shirya finafinan Hausa ya kamata mu dubi wannan, domin mu ma muna da ɗabi'ar tara jarumai a fim ɗaya, sannan mu kawo malami ko dattijo a ƙarshe ya bayyana wa mai kallo abin da ya kamata hoto ya nuna masa.

Baban Sadiya, Anguwan Rogo

Na gode ƙwarai. Mama, kin ba ni kalmar da na rasa, wato haƙƙi. Yanzu na gane cewa a 2006 abin da muke buƙata mu biyar ɗin nan shi ne wani ya ce mana dukanmu masu rauni ne, domin mu iya ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya, kuma fim ɗin ya ba mu wannan. Yaron da ya ga bidiyon kisan George Floyd a hannun 'yan sandan Amurka a wayarsa a 2020, minti bayan minti babu kiɗa babu mai ceto, ba zai karɓi abin da muka karɓa ba. Baba, ban ƙaryata ɗakin masarar nan ba, kuma na yarda na manta da shugaban Hansen da cinikin da aka yi da Graham. Amma ka lura, waɗannan wurare biyun ba su ne aka sa wa kiɗa ba, ba su ne kuma muka fita muna ba da labarinsu ba. Ina so in ji ko bayan maganar Mama har yanzu kana kan bakanka game da Ryan.

Tsohon Malami, Bukuru

'Yata Maman Rifkatu ta fi ni gaskiya a kan Christine, kuma na janye kwatancen da na yi. Ni namiji ne, na kalli wurin ina bin Ryan cikin motar, ban tsaya a inda take kwance ba. Da a ce maƙwabcina ya taɓa sa hannu a kan iyalina, ban san ko kujerar da ya zauna a kai a daren nan za ta ishe ni ba.

Amma ba zan jefar da fim ɗin ba, saboda wani wuri da babu wanda ya ambata a cikinku. Uwar Graham, wadda ƙwaya ta ci ƙarfinta, kullum roƙonta ɗaya ne, ya nemo mata ƙanensa. Shi kuma yana ta aikinsa yana cewa zai nemo. Ya zo gidanta tana barci, ya buɗe firij ya ga madarar ta lalace, ya fita ya sayo kayan abinci ya jera mata ya tafi ba ta sani ba. Da aka kai ta ta ga gawar Peter, Graham ya yi mata alkawarin zai gano wanda ya kashe shi, sai ta ce ta riga ta sani, shi ne, domin ta roƙe shi ya nemo ɗan'uwansa bai yi ba. Sannan ta ce Peter ya zo gida tana barci ya sayo mata abinci, shi ne abu na ƙarshe da ya yi mata. Don Cheadle, wanda ya fito a matsayin Graham, ya tsaya yana kallonta, bai gyara mata ba.

Ina da ƙane da ya fita neman burodi ranar Asabar, 8 ga Satumban 2001, bayan mahaifiyarmu ta ce in hana shi fita. Ta rayu shekara shida bayan haka, kuma ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Duk lokacin da na kalli fim ɗin, a wannan wurin nake tsayar da shi in fita tsakar gida.